Jarrabawa Mai Hawa Uku

Har yau ina tambayar kaina: shin maigidana Malam ya san ba zai ga ƙarshen karatun nan ba, ranar da ya goyi bayan doguwar hanya? Ban samu amsa ba, mai ba ni kuma yana ƙasa.

Shekarun baya, 'yarmu ta fari tana aiki a ofishin haraji a nan Hadejia. Ba zan faɗi sunanta ba, ko a gida bakina bai taɓa kiransa ba. Aikin ba hutu. Yau tana kasuwar Malam Madori, gobe Auyo a bayan babur, da damina ta dawo da taɓo har gwiwa.

Wata rana ta shimfiɗa takardu biyu a tabarma. Ni ko alif ban sani ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Ta ce, "Baba, Inna, shawara nake nema." Ɗaya jarrabawar ƙwarewa ce a kan haraji kaɗai, aikin da ta saba, ta gama da wuri a ƙara mata matsayi. Ɗayar ta cikakkun akantoci ce, mai wuya, ana faɗuwa, ga darasi a Kano duk Asabar da Lahadi bayan ta yi kwana biyar a ofis.

Na yi caraf na ce, "Ki ɗauki gajeriyar mana! Mai aiki a hannu, me ya kai shi neman wahala?" Gaskiyar magana, tarin Malam nake ji. Ya fara tun shekarar da ambaliya ta cinye masa shinkafa, ya kwana uku yana tsamo dami a ruwa. So nake ta gama yana gani.

Shi kuwa ya tambaye ta, "In aka ɗauke ki daga haraji, gajeriyar za ta bi ki?"

"Ba sosai ba, Baba."

"To ranki wacce yake so?"

Ta sunkuyar da kai, ta ɗora yatsa a kan doguwar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Uwarki ce ke tsoron motar Kano, ba ke ba."

Haka ta fara. Ranar da ta ce ta ci jarrabawa, ban tsaya jin sauran zance ba. Na sayo kifi banda, na dafa shinkafa babbar tukunya, na aika gida-gida cewa an gama. Mata sun cika tsakar gida ana guɗa, sai ga ta ta ja ni gefe: "Inna, hawa na farko ne fa. Saura biyu." Malam ya shekara yana tsokanata. Ko wanke-wanke na gama sai ya ce, "Hajiya, wannan hawa na nawa ne? A ɗora tukunya?"

A hawa na biyu ta faɗi. Ta rame, ta ce za ta bari, mutum ba ya wuni yana rigima da 'yan kasuwa a kan rasit sannan kai ya ɗauki karatu. Malam ya ce, "Ni sau nawa ruwa ya cinye min gona? Kin taɓa jin na sayar da ita?" Ta koma, ta ci.

Hawa na uku ya zo jikinsa ya yi nauyi. Ta tafi Kano ran Talata, ya ce mata ya ji sauƙi. Laraba da hantsi, ranar da take rubuta takardar ƙarshe, numfashinsa ya sauya. Na ɗauko waya zan kai wa maƙwabciyata ta danna min lambarta. Ya riƙe min gefen zane, ya hana. Kafin azahar Allah Ya karɓi abinsa, bayan la'asar aka kai shi. Da ta kira, muryarta cike da murna, an riga an dawo daga maƙabarta.

Ta yi makonni ba ta iya kallon idona. Ban ga laifinta ba.

Sakamako ya fito, ta ci. Wannan karon ban dafa komai ba. Yau ita ce ke duba aikin waɗanda da can take ɗaukar wa jaka, kuma a kasuwa sai na ji ana cewa, "Ga uwar akanta." Sai na yi kamar ban ji ba, alkunya ce, amma tafiyata kan sauya. Daga baya ita da kanta ta ce, "Inna, da kin kira, da na ajiye biro na taho, kuma da ban koma ba."

Ina alfahari da ita, ina kukan rashinsa, duk a zaune ɗaya. Allah Ya jiƙan Malam. Da ya riƙe zanena, sai da na kai kunne kusa da bakinsa, ya ce:

"Bar ta ta gama rubutu, Hajiya. In ta tambaya, ki ce na sha kunu."