Nana Eduviges, Wadda Ta Raba Tukunyarta da Dalma

Gari na wayewa za ka iske Nana Eduviges Huacuz a tsakar gida tana tattaka yumɓu da ƙafa, kunun masara na huce mata a gefe. Haka take tun tana amarya a ƙauyenmu na bakin tafki a jihar Michoacán. Ni Tata Melquiades ni na sani, don ni ke kai mata itacen gasa tukwane a baya, ba jaki. Ban taɓa zama a aji ba, amma na binne sa'o'ina kaf, ina nan tsaye da haƙorana.

Kowa a nan da dalma yake shafe tukunya kafin ta shiga wuta, ta fito tana ƙyalli kamar madubi. Mijinta Anastasio shi ke dama dalmar da hannu. Hannun ya shanye, ciki ya dinga murɗa masa, har ya rasu. Da aka auna jinin 'yarsu aka ga gubar dalmar ta fara shiga jikinta, Nana ta tattara dalmar gidan ta mayar wa mai shago. Bakin duniya ya buɗe.

Ta yi shekara da shekaru tana gwada wani haɗin da babu dalma. Tukwane su fito a dushe, wasu a tsage. Ranar kasuwa wani dillali ya ɗaga ɗaya yana dariya.

"Nana, wannan tukunya ce ko fuskar mai takaba?"

"Ajiye min kayana, ɗan nan," in ji ta. "Mai takabar ce ta gina ta. Je ka saya wa matarka mai ƙyallin, ka ga yadda ake zama irina."

Nana, ke ce kika kwana da yunwa ba ki koma wa guba ba. Ke ce kika ƙona itacena bila adadin har kore ya fito tas, kamar ganyen masara bayan ruwa, babu ɗigon dalma. Kainuwa dashen Allah!

Yau babbar randarta tana gidan adana kayan tarihi a birni, cikin gilashi, baƙi na ɗaukar ta hoto. A ƙauyen da aka gina ta kuwa, yara na cin wake a kwanon dalma.

Yanzu hannunta ya fara rawa, ta ce bana za ta rufe tanderu. Haɗin nan a kanta yake, ba a takarda ba. Ta miƙe a ƙofar coci bayan ibada ta ce duk mai so ya zo ta koya masa, ko peso ɗaya ba ta so. Maƙwabciyarta Nana Otilia ta taɓe baki.

"Ƙyalli ke sayar da tukunya, 'yar'uwa, ba wa'azi ba."

Ranar da ta sa, ta share gida, ta jera kujeru, ta dafa wake tukunya guda. Ni kaɗai na zo. Muka zauna har waken ya sandare.

Nana, mun gode, ko da bakina kaɗai ya faɗa. Ku kuma masu ginin tukwane, ƙofarta a buɗe take har yau. Ku je tun tana iya riƙe ludayin awo. In kun tsaya sai an ɗauke ta, ku zo da furanni, amma kada wanda ya yi mini kuka a maƙabarta.