Kyandir Biyu a Wuyan Mama

Ina cikin shekara ta huɗu da aure ya kawo ni Makka, unguwar Rusaifa, muryar Mama ta fara dushewa. Ni na musulunta tun ina makaranta, ita kuwa 'yar Katolika ce ta gidi, can ƙauyenmu a kudancin Kaduna. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Ni ce dai bakina bai iya shiru ba.

Ƙanwata ce ta tsegunta mini cewa wani ƙullutu ya fito wa Mama a wuya, har tuwo ba ya wucewa sai an dama shi da miya. Na kira ta, na ce gobe-goben nan a tafi asibiti.

"Bari ranar waliyyi ta zo tukuna," in ji ta. "Saura wata biyu kacal."

Na san waliyyin sarai. Wani bishop ne na zamanin da, wanda aka kashe saboda addininsa, wai ya taɓa ceton wani da ƙayar kifi ta maƙale wa a maƙogwaro. A farkon Fabrairu ake ranarsa. Mutane su yi layi a coci, Fada ya gicciya kyandir biyu, ya kara a maƙogwaron kowa, ya yi addu'a. Ina yarinya na sha shiga layin nan, ba abin da na tsinta sai sanyin kakin a wuyana.

Haushi ya turnuƙe ni. Kyandir! Ko kunna shi ba a yi, abin da in an ɗauke wuta sai an nemo masa ashana kafin ya amfani kowa. Haka na riƙa yaɓa mata duk ranar da na kira. Na ce in kyandir na magani, ai da masu sayar da shi a kasuwa ba sa tari. Ita sai ta yi 'yar dariyarta mai kama da ta mai mura, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Surukata, haifaffiyar Makka, ta ji labarin ta riƙe haɓa. "Ya binti, kyandir? La haula! Ki aika mata zamzam da habbatus sauda, kalas, shi ke nan." Wannan fa matar ce da ta shekara goma tana ɗingishi, in aka ambaci mustashfa, wato asibiti, sai ta ce ita lafiyarta lau. A raina na ce duk kanwar ja ce, tsofaffin nan ba mai son ganin likita. Amma na aika ɗin, ta hannun wata 'yar garinmu da ta zo umara.

Ranar ta zo. Da la'asar ƙanwata ta kira tana ƙunshe dariya. Wai Mama ta ɗauki jarkar zamzam a ka har coci, ta ajiye gaban Fada, ta ce ya sa mata albarka tare da kyandirori. Shi kuma bawan Allah bai tambayi ko ruwan mene ne ba, ya ɗaga hannu.

Na ce a ba ni Mama. Na yi faɗa kamar zan fasa wayar. Ta bari na gama, sannan ta ce, da ƙyar ake jin ta, "Ruwan da 'yata ta aiko daga nesa, ai shi ma ya kamata ya samu rabonsa." Ta ƙara da cewa sau biyu ta shiga layi, na biyun nawa ne, don ta ji ina yawan gyaran murya.

Ta cika alkawari, washegari ta je asibiti. Likitoci suka ce an makara, amma za su yi abin da za su iya. Aikin ya ceci ranta, bai ceci muryar ba.

Har yau ina ganin jiran nan wauta ne, ban sauya ra'ayi ba. Sai dai na zauna na tuna: wata biyu na ƙarshe da Mama ke da murya, ni na cinye su da surutuna. Ban tambaye ta komai ba, ko sunan kakarta, ko yadda take haɗa miyar karkashi.

Yanzu ƙanwata ke riƙe mata waya mu ga juna. Ba ta iya cewa uffan. In za mu rabu, sai ta gicciya yatsu biyu ta kara a gilashin wayar, daidai wuyana. Ni kuma, mai bakin nan, sai in ɗaga haɓa in tsaya cik har ta gama.