Gam Mai Haɗi Biyu

A shekarun da nake aiki a kamfanin fata a Challawa, ba a yi mai haɗa sandar fatsa kamata ba, daga Panshekara har bangon duniya. Ni na faɗa, kuma ba mai ƙaryata ni, don yawancin shaidun sun riga mu gidan gaskiya. Gora nake samu in gasa ta ta miƙe, in sassaƙa mata mariƙi da icen rimi, in naɗe da ragowar fata. Ran Lahadi sai mu gangara kogi ni da taubashina, ɗan kawuna. Ɗakinmu ɗaya, aikinmu ɗaya, zagi kuwa kullum da sabo.

Shi ne injin tsaga fata ya cinye wa yatsu uku na hannun dama, ya bar masa babba da ƙarami. Aiki ya ƙare ke nan. Mahaifiyarsa ta aiko ya koma ƙauye, ya ce shi ba zai je ya zauna gindin bishiya mata masu zuwa rijiya suna yi masa sannu ba.

"Kai bawana," ya ce da ni, "haɗa min sandar da hannun nan zai riƙe, ka san haguna ko ƙuda ba ta iya kora. In na fitar da kifi ɗaya da kaina, na zauna Kano, kogi ya ciyar da ni. In na kasa, ka raka ni tasha."

"Da wannan hannu mai kama da na ƙaguwa? Ai kifi na gani zai ɗauka ɗan'uwa ne, ya fito gaisuwa."

Ya yi dariya har ciwon ya motsa.

Na kwaɓa yumɓu na sa ya damƙa, na sassaƙa mariƙi daidai da shatin, da gurbin kowane yatsa. A lokacin hannun na kumbure kamar an hura salka. Saura abin liƙawa. Ƙaro dai ruwa na ganinsa ya narke, sulushan na masu faci kuwa rana ke sa shi saki. Sai na je wurin wani tsohon baduku a unguwarmu, mai dafa gam da guntayen fata.

"Ɗana, sa nawa," in ji shi. "Hannun da ya ji ciwo bai gama magana ba. In ya saɓe, ka jiƙa da ruwan zafi, ka zare, ka rage, ka mayar."

"Baba, gam ɗinku ai warinsa na korar kura. Kuma kogi za mu, ba tudu ba."

"A bi shi da kakin zuma, ruwa ba ya shiga."

Ban ji ba, don wani makanike a Bompai ya riga ya nuna min gam na Turawa mai haɗi biyu, wanda sai an cakuɗa yake kamawa. Ya rantse in aka liƙa jaki a jirgin ƙasa da shi, sai dai jakin ya ga Legas. Ni kuma ina son a ce sandata ba ta taɓa kwancewa. Na zuba a ciki, na shafe waje, ice da fata da gora duk suka zama dutse guda.

Kafin a kwance masa bandeji kumburi ya saɓe, hannu ya koma rabinsa. Mariƙin da na sassaƙa ya yi masa girma. Yana fita na ɗauko wuƙa zan rage mariƙin, bakin wuƙar ya karye. Na sa a ruwan zafi, ko gezau. Da a ce na faɗa masa na yi kuskure, ya ba ni mako biyu in sake wata, da ya ba ni. Sai dai da bakina na cika unguwa cewa na haɗa sandar da ba a taɓa yin irinta ba. Na ɓoye masa maganar.

Ran Lahadi muka sauka kogi. Na sa masa tana a ƙugiya, ya jefa. Ina kallon yatsun nan biyu suna lalube, sun kasa kaiwa gurbinsu. Can wata tarwaɗa ta kama, kan gora ya lanƙwashe. Ya ja, mariƙi ya juya a tafinsa, ya kawo hagu, kafin ta iso sanda ta suɓuce. Muka tsaya muna kallonta tana bin ruwa.

"Zan haɗa wata," na ce.

"Kifi ɗaya na ce." Ya ɗaga hannun yana dubawa. "Sandarka ba ta da laifi, bawana. Wannan ne ya mutu."

Washegari na ɗauki akwatinsa har tasha. Tun daga gida nake shirya yadda zan faɗa masa gaskiya. Ya shiga mota, ya leƙo ta taga yana jiran abin da zan ce, sai na ji bakina na cewa ya gaida min kaji, ya yi hankali kada su tsattsage ragowar yatsun. Ya yi murmushi, direba ya ja mota.