Ɗorawa Uku na Bara'atu

Bara'atu 'yar Malam Sallau ce, shi kuma ɗan Dalhatu, ɗan Abdurrahman wanda ya fara saran daji a yammacin Fammar. Da aka raba gadon mahaifinta, gona ta faɗa hannun wanta Muntari, ita kuwa aka ba ta bishiyoyin ɗorawa uku da ke tsaye cikin gonar. Ƙasa tasa, itatuwa nata. Da kalwarsu take yin daddawar da take kaiwa kasuwar Kibiya, kuma da wannan sana'a ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta.

A shekarar 2003 'yarta Lubabatu, wadda na koyar tun tana aji ɗaya na firamare, ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai a Kano. An sanya ta cikin masu samun tallafin karatu. Tallafin bai zo ba sai da zango ya yi nisa, da ya zo kuma bai kai ko kuɗin rajista ba, balle ɗakin kwana da abinci.

Muntari ya ba ta shawara ta jinginar da amfanin bishiyoyin. Masu karɓar jingina suka ce sai sun ga fure tukuna, ga shi kuwa za a rufe rajista kafin nan. Sai ta aika aka kira masu faskare, waɗanda ke kai itace gidajen burodi. Suka zagaya gindin babbar da igiya, suka faɗi abin da za su biya, ba ta nemi ƙari ba. Ta tsaya har bishiyar ta kwanta, ta gargaɗe su kada su tattake wa wanta kunyoyin gona, ta koma gida ta ɗora tukunya.

Shekarar da ta biyo baya ta biyu ta tafi. Mai unguwa ya aiko cewa ba a sare ɗorawa mai haihuwa. Ta ce ta ji. Ta uku ta bi su a shekarar ƙarshe, ana saura kaɗan a fara jarrabawa.

Lubabatu ta kammala. Yanzu tana koyarwa a wata firamare kusa da Unguwar Gai. Bara'atu ba ta bar daddawa ba, sai dai kalwar a mudu take saye a hannun matan da a dā take sayar wa. Muntari ya ce dawarsa ta fi kyau tunda inuwa ta tafi.

Na taɓa tarar da ita tana tsince kalwa a faifai. Bayan mun gaisa, na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta bar ko guda ɗaya ba.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Karatun shekara uku ne, Malam. Da huɗu ne, ban san abin da zan sayar ba."