Yaya Kulu da shekarun da ta yi tana jinyar Baba

Daminar bana ta cika shekara arba'in da rasuwar yayata Kulu. Ta rasu a gidanmu na Sanyinna, saura kaɗan Nasara su shigo Sakkwato. Waɗanda suka yi mata wanka duk sun bi ta, ni kaɗai na rage cikin masu iya kwatanta fuskarta. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tun hannu yana iya riƙe alƙalami.

A Fakku ta yi aure. Ba ta gama takabar mijinta ba ɓarin jikin mahaifinmu ya shanye, mahaifiyarmu kuma ta riga ta kwanta dama. Mu 'ya'yansa maza uku muka zauna shawara, muka ga ai Kulu ba miji ba ɗa, ita ta dace. Ba wanda ya tambaye ta. Ta ɗauro 'yan ƙorenta ta dawo.

Shekara shida ta yi a ɗakin Baba. Ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ita ke ba shi kunu a baki da ludayi, ita ke wanke shimfiɗa idan ya ɓata. A shekara ta uku ruɗewa ta shigo. Mutumin da ya san shanunsa ɗai-ɗai da suna ya daina gane 'yarsa. Yakan ce mata ɓarauniya, wata rana ya tofo mata kunun a fuska. Mu kuwa muna gona, muna kasuwa. Mu leƙa mu ce sannu, mu fito muna yabon haƙurinta, har mu ji kamar mun yi wani abu.

Wata rana da hantsi na dawo daga Dogon Daji, tun daga zaure nake jin Baba yana kira. Na tarar da ita zaune bayan rumbu, hannuwa zube a cinya, ko motsi ba ta yi.

"Yaya, ba ki ji shina kira?"

"Ina ji, Garba. Na gaji. Jiya na roƙi Allah shi ɗauki guda cikinmu, ni ko shi. Ban zaɓa ba."

Sai na buɗe baki na soma ja mata abin da na ji wurin malamai kan haƙƙin iyaye da ladan mai haƙuri. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Duk abin da kaka faɗi na san shi. Tai ka ɗaga shi."

Na shiga na ɗaga shi. Kwana uku na riƙe jinyar. Dokin mai baki ya fi gudu: a rana ta huɗu na tsiri cewa shanunmu da ke wajen Kebbe suna bukatar a duba su, na tafi na yi kwana ashirin. Da na dawo ba ta ce mini uffan ba. Har yau wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Ranar da Baba ya cika, Kulu ba ta yi kuka ba. Ana dawowa daga maƙabarta ta kwanta, ta yi wuni biyu tana barci, masu gaisuwa suna ta gutsiri-tsoma, wai zuciyarta ta bushe. Sai bayan sadakar arba'in abin ya sauko mata. Ta dama kunu da safe ta nufi ɗakin da ba kowa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce mini tana jin sauƙi, kuma kunyar wannan sauƙin ta hana ta cin abinci. A damina ta gaba masassara ta ratsa gari. Yara da tsofaffi suka kwanta suka tashi. Ita, mai shekara arba'in da 'yan kai, ba ta tashi ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Mota tana wucewa, an kuma buɗe ɗakunan magani inda ake ɗaukar mutane aikin jinya. Kwanan baya na raka wani aminina irin wurin nan. Na ga ma'aikaci ɗaya tsakanin tsofaffi da yawa, yana wanke wa wannan gyambo, wancan yana kiransa. Ya daka wa wani dattijo tsawa, jama'a suka hau Allah wadai. Ni dai na dubi idanunsa, na gane su, don na taɓa ganin irinsu a bayan rumbu. Na tabbata da Kulu ce, ba za ta ce ya yi daidai ba, amma za ta tambaye shi yaushe rabonsa da ya zauna ya ci tuwo da zafinsa. Magani ya ƙaru, amma har yanzu mai ciwo ake yi wa sannu, a tsallake wanda ke zaune gefensa.

Yanzu ni ma ƙafafu sun soma ƙi. 'Yata Hadiza ke kama ni zuwa alwala, kuma duk safiya fuskarta nake karantawa kafin in amsa gaisuwarta.

Kulu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Kabarinta ma ruwa ya daidaita shi da ƙasa tun tuni. Abu guda ya rage. Bayan rasuwarta muka kafa doka a gidanmu, da na sani ƙeya ce: ba wanda zai wuce kwana uku a jere yana jinya, namiji ko mace, sai wani ya karɓe shi, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jikokinmu suna kiran abin "kwanan Kulu". Za ka ji yarinya ta ce wa wanta yau kwanan Kulu a kansa yake, alhali ba ta san wace ce Kulun ba.

Ko wannan ya kai nauyin shekara shida? A ma'aunina bai kai ba, kuma ba ni da abin cikawa. Allah Ya ba ta hutun da mu 'yan'uwanta muka hana ta.