'Yan Mufti a Ƙofar Gidana

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, ba a daɗe da mayar da Lafiya babban birnin jiha ba, muna zaune a Akurba ni da maigidana, Allah Ya jiƙansa. Jikata ce ke rubuta min wannan, don ni ban san baƙi ba. In ta ga na yi shiru, ta san kuka ne, sai ta jira.

Maigidana malami ne. Duk wanda gado ko rantsuwa ta rikice masa, zaurenmu yake nufa, har mutane suka laƙaba masa Mufti. Ni iyakar sanina da kalmar ke nan, sunan mijina.

A karatunsa na wata Juma'a ya yi magana kan shugaban da ke ƙoshi talakawansa na kwana da yunwa. Lokacin kuwa baki na jawo wa mutum ɓata. A zo a ɗauke ka, iyalinka su yi ta yawon tambaya. Kashegari ya tafi Keana duba ƙanensa.

Da hantsi ina tankaɗe, sai maƙwabciyata, wata 'yar Eggon matar tsohon soja, ta leƙo ta katanga tana raɗa.

"Matar Malam, 'yan mufti na ƙofar gidanka."

Na ce to, ɗaliban Malam ne. Na miƙa musu ruwa ta bayan ƙyaure. Su biyu, cikin kaftani, ga ladabi. Suka tambayi Malam, na ce yana Keana. Don neman lada har na kwatanta musu gidan, kusa da inda mata ke dafa gishiri. Suka yi godiya, na ji tashin mota.

Maƙwabciyata ta shigo hannu a ka.

"Me ka gaya musu?"

"Inda malaminsu yake."

"Wane malaminsu? Ba ka ga takalmin ƙafarsu ba? Mufti a barikin soja shi ne mai kaki ya cire kaki ya sa kayan gida. Abin da ku kuke cewa 'yan farin kaya."

Na yi salati. Da bakina na nuna musu hanya, har da alama.

Babu waya a lokacin. Muka ruga tasha in ba direba saƙo, muka tarar babu motar Keana, duk suna layin mai. Na dawo na zauna a zaure kan buzunsa. Duk motar da ta wuce sai na leƙa. Na riƙa tuna matan da aka ce sun gaji da neman mazajensu sun koma gida ba gawa ba labari. Shin takaba zan yi ko jira? Wanda zan yi wa wannan tambaya shi ne aka tafi ɗauka.

Washegari da la'asar motar nan ta tsaya a ƙofa. Malam ya fito daga gidan gaba, da ƙullin gishiri a hannu. Na durƙushe ina kuka.

"Uwargida, wa ya mutu?"

Ashe ɗayan mutanen nan biyu mahaifinsa ne ya rasu, rabon gona ya raba kan 'yan'uwa, shi ne ya zo neman Malam. Ya cire kaki ne don kada ya tsorata unguwa.

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Mufti ya zo wurin Mufti." Ya zaunar da ni ya ce kalmar Larabci ce, mai ba da fatawa. Wai Turawan soja ne suka ara, don in sun tashi aiki sukan zura riga sakakkiya irin ta malamai. Ya ce haka ya ji, Allah ne masani.

Na ce, "Kalma ɗaya, ɗaya a gudu wurinsa, ɗaya a guje shi?"

Ya ce, "Ke dai ki daina kwatance."

Ya yi shekaru yana tsokanata da wannan. Ranar da ya rasu, mutumin nan ya zo jana'iza, har ya kama makara. Ta bayan ƙyauren nan na leƙa na ga Malam cikin farin kaya, ana fita da shi. Har yau in mota ta tsaya a ƙofa da la'asar, sai na ɗaga kai.