Ba Modu da Takarda Mai Zafi

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri aka kawo wa ofishinmu na bayan Kasuwar Shanu tarho, da tafireta, da kabad na ƙarfe. Ni ne masinja. Ba Modu ne babban akawu, kuma duk kun san halinsa. Takarda in ta shigo, ba ya buɗewa. Sai ya ajiye ta a ƙasa, ya danne da dutse, ya ce, "Da zafinta ta zo. Bari ta huce."

Mako guda take hucewa. Ta gaggawa kuwa mako biyu, wai ta fi zafi!

Ranar da tarho ya fara ƙara, sai da ya gyara hula kafin ya ɗauka. Ya saurara, ya ajiye, ya ce, "Sule, hau keke ka je ka tambayo ko su ne suka yi magana."

Na ce, "Ba Modu, ai muryarsu ka ji."

"Ka ga bakinsu?"

Na hau keke.

Tafireta kuwa ya lulluɓe ta da zane, wai kada baƙaƙen su ƙare. Kabad ya zama ma'ajiyar takalmansa da dabino. Da mai duba ofis ya yi faɗa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda ba ta yi sata ba, don me za a kulle ta?"

A lokacin ina da shekara arba'in, na yi shekara uku ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na samu takardar shaida. Sai aka ce ana neman ƙaramin akawu kafin ƙarshen wata. Na rubuta wasiƙar neman aiki da hannuna, wasiƙata ta fari a duniya, na haɗa da shaidar na miƙa masa.

Ya ɗauko dutse.

"Haba Ba Modu! Tawa ce fa!"

"Taka ta fi kowacce zafi. Dubi yadda kake gumi."

Damina ce. Ranar da ya ɗaga dutsen, wallahi gara ta riga mu karantawa. Ba ta bar komai ba sai "Sul". Wani aka ɗauka.

Ranar Juma'a sai ga tsoho Ba Modu da ƙafa har gidana a unguwar Fezzan, da tafireta a ka. Ya sauke, ya share gumi, ya ce, "Malam Sule, ni ban iya ta ba. Kai ka koya." Ranar ya fara ce mini Malam. Kullum bayan la'asar yana zaune ina ƙwanƙwasawa, yana cewa, "A hankali, kada ka cinye su!"

Bai kai baɗi ba. Allah Ya jiƙan Ba Modu, Ya yafe masa kamar yadda na yafe.

Abin da muka rasa a waccan damina: wasiƙu goma sha ɗaya da ke ƙarƙashin dutse, shaidata guda, kujerar akawu guda. Bayan ta, tsoho ɗaya.